Muhawara: a jibge kaya a Legas ko a bar su a Arewa? Lissafin sito, mota da dillali

Sabon Ɗan Sari (Agege): Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Tambaya ce ga waɗanda suka daɗe a harkar hatsi. Mai sarin wake da masara daga Arewa zuwa Legas, wanne ya fi masa: ya saye da yawa lokacin kaka ya kawo ya jibge a nan, ko ya riƙa ɗaukowa kaɗan-kaɗan? Sannan a buhu nawa ne ya kamata mutum ya ce sito ya yi ƙasa, a aiko da wani?

Mai Wake na Mile 12: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta biyun, don ita ce ke kwantar da mutane. Kada ka ƙirga buhu, ƙirga kwana. Buhu 200 a wurin mai sayar da biyar a yini kayan kwana arba'in ne, a wurin mai sayar da ashirin kuwa na kwana goma ne, kuma da ƙyar kwana goma ke isa kaya su taso daga kasuwar Dawanau ta Kano ko Potiskum su sauka a shagonka.

Ga yadda ake lissafin. A ce kana fitar da buhu 20 kullum. Dillali zai ci kwana uku yana haɗa kayan, musamman in sai ya bi kasuwannin ƙauye, waɗanda sau ɗaya suke ci a mako. Kwana biyu ana jiran mota ta cika. Hanya kwana huɗu. Layin saukewa kwana ɗaya. Goma ke nan. Ka ɗora kwana biyar na ko-ta-kwana. Kwana 15 sau buhu 20, buhu 300. To ranar da sito ya sauko 300, ranar za ka buga waya. Mai jiran sai ya hango bangon sito kafin ya kira dillali, shi ne mai fafe gora ranar tafiya.

Sabon Ɗan Sari (Agege): Yaya, buhu 300 ai tirela guda ke nan cur. Mai ƙaramin jari fa?

Mai Wake na Mile 12: Lissafin bai canza ba, adadin ne ya ragu. Mai fitar da buhu uku a yini, 45 ne iyakarsa. Sai dai shi kwanakin jiran motarsa sun fi yawa, tunda haɗaka zai shiga da wasu, kuma mota ba ta tashi sai ta cika. Ya ƙara kwana biyu ko uku a kai.

Tsohon Direba (Kara): Alhaji, kwana huɗun nan na hanya, a rubuta shi da fensir. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, amma ba nisan ne matsalar ba. Hanya biyu ce: ko ta Kaduna, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilorin, Ogbomoso, Oyo, Ibadan, ko ta Abuja da Lokoja. Kowacce da ciwonta. Gadar Tatabu ta karye a daminar 2017, ruwa ya shanye titi a wajen Koton Karfe a 2022 motoci suka yi kwanaki a tsaye, ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025 ita ma ta taɓa hanyar. Ga na 2021, da ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Ba kullum irin wannan ke faruwa ba, amma daga Yuni zuwa Oktoba duk wanda bai ƙara kwanakin ko-ta-kwana ba, da sa'a yake ciniki.

Kuma ku daina bin mota mafi araha ido rufe. Kafin a yi lodi, wakilinka ya hau ya duba abu uku. Ƙasan motar: me ta ɗauko a baya? In siminti ne ko takin zamani ko shanu, sai an share an shimfiɗa leda, in ba haka ba layin ƙasa ya tashi daga aiki. Tamfol: a buɗe shi a rana a tsaya ƙarƙashinsa, duk inda haske ya shigo ruwa zai shigo. Sai tayoyi da safaya. Tirela tan 30 take ɗauka cikin lafiya, buhu 300 na kilo 100 ko 600 na kilo 50. Direban da ya ce zai ƙara maka hamsin a kan rabin kuɗi, a hawa za ku biya bambancin.

Kuɗin mota kuma a raba shi biyu: na gas a wurin lodi, ciko bayan an sauke an ƙirga. Wanda ya biya duka a Kano ba shi da abin riƙe direba a Ogbomoso.

Akawun Sito (Ijora): A kan tambayar farko, ni ina ganin ba a isa amsa ta ba sai an san nawa buhu ya tsaya a ƙofar shago. Mafi yawan 'yan sari farashin saye suke riƙewa a kai, sauran kuma su tafi a matsayin “ƙananan kashe-kashe”. Ga misali, alƙaluman na misali ne kawai. Buhun wake 80,000. La'adar dillali 500. Sabon buhu da ɗinki 700. Dakon lodi 300. Mota 6,000. Haraji da abin da ake saki a shingaye 1,000. Saukewa 400. Kuɗin ƙasa a kasuwa 300. Ya kama 89,200. Wanda ya sayar 92,000 yana ganin ya ci 12,000, alhali 2,800 ne, ita ma kafin hayar shago da albashin yara.

Ba a nan ta tsaya ba. An saya a kan kilo 100 ne, amma bayan bushewa da zubewa da tsince tsakuwa sai a sami 96. Raba 89,200 gida 96, kilo ya tsaya kusan naira 929, ba 800 ba. Mai sayarwa da derika (gwangwanin awo) ko robar fenti shi ya fi shan wannan, domin kilo huɗun nan ba ya ganin ɓacewarsu, kawai dai buhu ne ke ƙarewa da wuri. Shawara: a auna buhu goma daga kowace mota a sikeli, sannan a juye ɗaya a ƙirga fenti nawa ya bayar. A rubuta. Bayan mota uku za ka san dillalin da buhunsa ke cika da wanda nasa ke da ciki kawai.

Hajiya Mai Sito (Idi-Araba): Akawu ya gama da lissafi, ni kuma in ce: ajiya mai tsawo ba a Legas ba. Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne, ya ɗan ɗaga a Agusta ya dawo Satumba da Oktoba. Hatsi yana shan laima daga iska kamar yadda gishiri ke yi. Masarar da ta bushe ƙarau a Arewa, in ta yi wata uku a ɗakin da ba iska a nan, za ka ji ta fara warin ruma, kuma masu haɗa abincin kaji ba sa wasa da wannan saboda gubar da rumar ke haifarwa. Ga hayar sito a nan ba ta haɗa hanya da ta Kano ba. In za a yi ajiya, a yi ta can inda hunturu ke taya ka aiki, a riƙa janyowa daidai cinikin wata ɗaya ko ɗaya da rabi.

Na nan ɗin ma sai an kiyaye. Buhu ba ya taɓa siminti, a kan katako ake jerawa. A bar tazarar da mutum zai iya ratsawa tsakanin kaya da bango, a bar sarari tsakaninsu da kwanon rufi, saboda kwano yana yin gumi da dare ya ɗigo. Danshin masara kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'urar awo, ga gwajin gishiri: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsin da busasshen gishiri, a rufe a girgiza a ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, kada a ɗinke shi.

Mai Wake na Mile 12: Hajiya, na yarda da ke rabi. Ajiya a can tana da nata haɗarin, don kayan da idonka ba ya kai ba naka ba ne gaba ɗaya. Ana iya sayar da su a ce za a mayar, farashi ya tashi mayarwa ta gagara. Ana iya musanya sabon wake da tsoho. Sannan tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya, ga gas da ya riga shi tashi. Mai kaya a Dawanau bai san nawa za su tsaya masa a Legas ba sai ranar lodi.

Hajiya Mai Sito (Idi-Araba): Alhaji, ai shi ya sa ake kama ɗaki da sunanka, da kwaɗonka, ba a cusa kaya cikin na dillali ba. Buhunan da alamarka ta fenti, kowane wata wani naka wanda ba dillalin ba ya je ya ƙirga ya turo bidiyo. Zuwa da kai ya fi aike, amma in ba hali, aike biyu da ba su san juna ba sun fi ɗaya.

Akawun Sito (Ijora): Ku ba ni dama in jefa tsakuwa a cikin ajiyar baki ɗaya. A ce jari miliyan goma. Mai ajiya ya kulle shi wata shida yana fatan kashi 25 cikin 100, daga ciki zai cire haya, magani da ramewar kaya. Mai juyawa yana cin kashi 3 kacal a kowane zagaye, amma sau biyu a wata. Wata shida zagaye 12, kashi 36 ke nan, kuma kuɗinsa na dawowa hannunsa duk mako biyu. Kuma ba dole ne farashi ya tashi da bazara ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka saya da tsada suka kulle suna jiran tashi sun sha kashi. Ajiya tana ci, amma da kuɗin da ba na juyawa ba ake yin ta, ba kuma da na bashi ba.

Mai Wake na Mile 12: Zagaye biyu a wata sai mai kasuwa a hannu, Akawu. A takarda kowa gwani ne. Amma batun kada a yi ajiya da kuɗin bashi, wannan ba ja.

Sabon Ɗan Sari (Agege): To batun ƙwari fa? Ana cewa wake ba ya wata biyu a nan bai huje ba.

Hajiya Mai Sito (Idi-Araba): Ɗana, ƙwaron tun daga gona yake shiga. Ƙwansa na manne a jikin waken, tsutsar ta huda ta shige ciki, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike ta sake zuba wasu. Shi ya sa wake mai kyau a ido yake wayar gari da garin ƙwari a gindin buhu. Hanya mafi tsabta ita ce buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ba magani a ciki, iska ce ke ƙare wa ƙwaron ya mutu. Sharaɗinsa: waken ya bushe, kada a soka masa ƙarfen ɗibar samfuri, kada ɓera ya samu, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Huda ɗaya ta rushe aikin. Duro mai murfin da ke rufuwa gam shi ma haka yake aiki in an cika shi taf.

Ƙwayar maganin ƙwarin hatsi ta Phostoxin tana aiki, amma iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi, kuma nan Legas da yara ke kwana a shago, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A naɗe ta a tsumma don tokarta kada ta gauraya da waken, a rufe kayan ruf da tamfol marar huda kamar mako guda, a bi adadin da ke jikin gwangwanin, a buɗe iska ta ratsa kafin a sayar. In sito babba ne a kira masu aikin feshi da suka san kan abin. Zuba maganin ƙwari na Sniper a wake kuwa cin amana ne. Sinadarin da ke cikinsa, dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015, kuma abin da aka ƙi a can shi ake dafa wa yara ƙosai da alale a nan.

Malamin Alaba Rago: Allah ya saka, Hajiya. In ƙara abu biyu da fiƙihu ya riga ya tsara mana. Masu ba manomi ko dillali kuɗi tun kafin girbi, wannan cinikin salam ne, kuma yana da sharuɗɗa: a biya kuɗin a farko, a fayyace irin kayan da siffarsu, a fayyace awo, a sa lokacin bayarwa. “Ka kawo min wake mai kyau in an yi kaka” ba ciniki ba ne, rigima ce aka shuka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka wanda aka ce ya sa hannu kada ya ce an raina amanarsa.

Na biyu zakka. A mazhabar Malikiyya mai juya kaya kullum yana ƙiyasta abin da ke sitonsa a ƙarshen shekararsa, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran biya, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Wanda bai san buhu nawa gare shi ba, da me zai ƙiyasta?

Akawun Sito (Ijora): Malam ya kawo mu inda nake so. Kowane irin kaya da katinsa ko shafinsa: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, ragowa, sa hannu. Waken oloyin daban, waken drum daban, farin wake daban, kada a rubuta “wake” kawai. Mai riƙe makulli ba shi ne mai rubutu ba, mai rubutu ba shi ne mai karɓar kuɗi ba. Ko da mutum uku ne a shagon, a raba musu haka. Kowace mota a rubuta ranar saukarta a jikin buhu, a jera ta layinta daban, tsoho ya riga fita. Abin da ke faruwa in ba a yi haka ba sananne ne: sabon kaya ya toshe bakin ƙofa, 'yan dako su riƙa ɗaukar na kusa, na lungu ya shekara ya zama gidan ƙwari ya harbi sauran. Ƙidaya kuma ba sai ƙarshen wata ba, a zaɓi iri ɗaya kowane mako ba tare da sanarwa ba.

Ɗan Kamasho (Oko-Oba): Duk kun ɗora laifi a kan dillali, bari wani ya yi magana a madadinsa. Dillali yana da masu saye goma, kaya masu kyau kuma ba sa isar goma. Wa zai ba? Wanda in kaya sun sauka ciko ke shiga a ranar da aka yi alkawari. Mutumin Legas da zai karɓi kaya ya kashe waya, ko ya ƙirƙiro aibi bayan ya sayar da rabi don a yi masa ragi, shi ma an san shi a can, kuma ragowar kasuwa ake tura masa. In akwai ƙorafi a yi shi ranar saukewa, gaban direba, da bidiyo, kafin a taɓa kayan. Bayan kwana biyar ba wanda zai saurare ka.

Ni ra'ayina dillali ɗaya amintacce ya fi tarkace. Ranar da kuɗinka suka gaza shi zai ɗora maka kaya a kan amana.

Mai Wake na Mile 12: Ɗaya ya yi kaɗan, Ɗan Kamasho. Zai yi rashin lafiya, zai tafi Hajji, kasuwar yankinsa za ta iya rufuwa. Kuma in ba ka da na biyu, ba ka da ma'aunin da za ka gane ko farashin da yake faɗa maka na kasuwa ne. Ka ba babban kashi bakwai cikin goma, ƙaramin uku, kuma kada su zama 'yan kasuwa ɗaya: ɗaya Dawanau, ɗaya wajen Yobe ko Gombe. Ba ɓoyewa za ka yi ba, babban ya san da ƙaramin.

Kafin oda a cika kwalba biyu da samfuri ɗaya, ɗaya a wurinka ɗaya a wurinsa. In mota ta zo, a ɗebi sama, tsakiya da gindin buhu, a buhu ɗaya cikin kowane goma, ciki har da na tsakiyar mota. Algus a tsakiya yake kwana: tsohon wake, yashi, ko wanda aka yayyafa wa ruwa don nauyi. A yarje tun farko abin da za a yi in kaya sun saɓa wa kwalba, ragi ne ko mayarwa, kuma wa zai ɗauki kuɗin mota.

Ɗan Kamasho (Oko-Oba): Bakwai da uku ba laifi, in dai ba za a riƙa haɗa su gwanjo a kan naira ɗari biyu ba. Wani abu kuma: in saƙo ya zo cewa dillali ya canza lambar asusu, kada a tura ko sisi sai an kira tsohuwar lambarsa an ji muryarsa. Ana sace WhatsApp ɗin mutane. Haka alat, a duba cikin asusu, ba saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa ba.

Mai Gwari (Mile 12): Mu dai masu tumatir da tattasai wannan dogon lissafin ba namu ba ne, sitonmu bayan mota ne. Kayan Kwanar Gafan ko Ɗanja a tsinke su suna fara ja, ba nunannu ba, a yi lodi da yamma. Kwando kan kwando yana matse na ƙasa, kiret ɗin roba mai kilo 25 ba ya yi, matsalarsa kawai mayar da shi Arewa fanko da ɓacewa. Farashi kuma yawan motocin da suka kwana a kasuwa ke yanke shi da safe, don haka kafin ka yi lodi tambayi mota nawa suka riga ka tashi.

Hajiya Mai Sito (Idi-Araba): Kafin a watse, ramin da ba a ambata ba: dillali ya ba ka kwana bakwai, kai kuma ka ba masu gidan abinci da masu ewa agoyin (dafaffen wake da miya) kwana ashirin da ɗaya. Mako biyun da ke tsakani daga aljihunka za su fito, kuma gwargwadon yadda ciniki ke ƙaruwa ramin ke faɗi. Kowane mai karɓar bashi a yanka masa iyaka, ba sabon buhu sai na baya ya fita.

Sabon Ɗan Sari (Agege): Allah ya ƙara girma, an gode. Saura ɗaya: in direba ya iso da buhu 297 alhali 300 ke a takardar lodi, wa ke biya?

Tsohon Direba (Kara): In ya ƙirga da kansa ya sa hannu a wurin lodi, daga cikonsa ake cirewa, a kan farashin da kayan suka tsaya a Legas. In bai ƙirga ba, 'yan dako ne kawai suka faɗi adadi, to maganar ta koma tsakaninka da wanda ya yi lodin, a nemi 'yan kamashon tashar da motar ta taso su shiga tsakani. Shi ya sa lambar mota, lambar wayar direba da ta ɗan kamashon duk su kasance a takardar, a ɗauki hotonta a turo maka tun motar ba ta bar tasha ba.